Hannun Nutsa Ya Ƙi a Tibilisi

Kutaisi, watan Nuwamba

Zuwa ga matar ƙanena, Eteri,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya can Italiya. Allah ya ƙara miki ƙarfin baya. Mu nan ƙalau muke, ban da gwiwata. An gama tsinkar inabi, ɗana Otar ya ce bana ya fi bara zaƙi.

Kin dame ni a waya kan gasar kiɗan fiyano ta Tibilisi, na ce sai na rubuto. To ga shi: 'yarki Nutsa ta ba mu kunya.

Tun bazara take ƙorafin hannunta na dama, wai yatsu biyu na ƙarshe suna naɗewa da kansu. Na kai ta wurin malamarta Lamara, wadda ta riƙe ta tun tana 'yar shekara shida. Lamara ta yi dariya, ta ce su a Mosko da yatsu na jini suka yi kiɗa, wannan ragwanci ne na dangin uwa. Ban musa ba. Likita ya ce ta huta wata uku, na ce ya huta shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kullum nakan tsoma mata hannun a ruwan zafi da gishiri, in zaunar da ita gaban fiyano, in kulle ɗakin sai yamma.

Zagayen farko ta wuce, har wani alƙalin gasa Bajamushe ya tambayi sunanta. A na biyu, zaure cike, ina layin gaba da baƙar rigata ta siliki, ta kai inda kiɗan yake gudu, sai hannun ya dunƙule. Na hagu ya yi ta tafiya shi kaɗai kamar gurgu. Ta sake farawa, na daman ya sake ƙi. Sai ta aza shi a cinya tana kallonsa har aka kaɗa mata ƙararrawa. A bayan dandali ta miƙo mini shi, ta ce, "Goggo, ba na jin sa." Na ce ta share hancinta, mutane na kallo.

Lamara ba ta ko dube ta ba, tana can tana rungumar ɗaya ɗalibarta, Salome, wadda ta zo ta biyu. Da na je roƙo, ta yarda don mutuncin gidanmu Nutsa ta riƙa juya wa Salome takardun kiɗa a dandali ranar bikin rufe gasar. Nutsa ta ce gara ta mutu. Na ce mutuwa ba ta zuwa don an kira ta, kuma hannun hagu ya isa juya takarda. Ta je, ta zauna a gefe, aka yi wa Salome tafi.

Likitan ya ce da wuya hannun ya koma daidai. Don haka na sa aka kwashe fiyanon marigayi mijinki zuwa gidan Otar, jikata Keto tana da kunnen kiɗa. Nutsa ta tsaya a matakala har aka sauka da shi.

Kada ki ce za ki taho, zuwanki ba zai miƙe yatsa ba. Na ba ta alƙalami ta gaishe ki a ƙasan nan, ya yi ta suɓuce mata, sai na karɓe kada ta ɓata mini takarda.

Otar da matarsa Maka suna gaisuwa. Ki gai da ƙanwarki Dali idan kun haɗu a coci.

Yayar mijinki,
Tsiala