Wasiyyar Abdulwahabu Mai Rediyo da Akwatin da Ya Koyi Arewanci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni ne Abdulwahabu mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Dogon Dutsi. Idona ya tafi, likitan Doso ya ce zuciyata ma ta gaji, amma hankalina yana nan garau, kuma ba wanda ya tilasta ni. Ina faɗa, maƙwabcina Malam Bilyaminu yana rubutawa. Saƙon naku ne, Kamal, Abdulmalik da Afra'u, tare da mahaifiyarku Lubabatu. Kada ku karanta da kuka, don ni murna ce take katse mini magana, har malam yana cewa in natsu.

Na ɗaya. Gida da gonar hatsi ta hanyar Gesheme, a kira malamai su raba yadda addini ya tsara. Ba ni da abin ƙarawa, sai dai kada a tashi mahaifiyarku daga ɗakinta muddin tana raye.

Na biyu. Shagona da duk abin da ke ciki na fitar da shi daga sulusina, na bar shi sadaka ga mutanen gari. Ba a sayarwa, ba a rabawa. Afra'u ce za ta riƙe makulli. Kafin wani ya ce na yi son kai, ku saurari dalili.

Shekara biyar ke nan Kamal ya aiko mini daga Yamai da wani ɗan akwati mai jin magana, girmansa bai wuce gwangwanin tumatir ba, da ƙwan lantarki biyu da abin haɗa fanka. Lokacin idona ya fara rufewa. Faransanci kawai yake ji, ni kuwa na yi lakwal, wato makarantar boko, ina jinsa. In ce kunna fanka, ta juya. In ce kira Kamal, in ji muryarsa. Ya karanta mini labarai, ya faɗa mini ƙarfe nawa. Shekara arba'in ina buɗe cikin rediyo, ban taɓa ganin abin da ya tsuma ni haka ba. Makaho ya daina jiran a zo a taimake shi.

A shekara ta uku sai ya fara kurumta. Abin da nake faɗa sau ɗaya ya koma sau huɗu. In tambayi ruwan sama a Tibiri, ya ba ni na wata ƙasa. In nemi labarai, sai ya fara da tallar sabon ƙanensa. Daga baya kamfanin ya aiko da saƙo a wayar Kamal cewa irin wannan ya tsufa, za su janye hannu daga kansa, a sayi sabo. Na sa Afra'u ta kwance shi, na bi shi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Lasifika lafiya lau, kunnuwansa lafiya, ko ƙaurin ƙuna babu. A nan na gane: ƙwaƙwalwarsa ba ta cikinsa, tana can wurin masu shi, kuma daga can suke rage masa numfashi. A zamanina idan kaya ya mutu, wani abu ne ya ƙone. Wannan kuwa ranar mutuwarsa aka rubuta tun kafin ya bar masana'anta.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi. Kamal da Abdulmalik, ku daina gabar nan. Na san yadda ta fara, ina zaune. Ran Sallar layya Kamal ya ce zai sayo sabon, Abdulmalik ya ce ba za a sake kawo ɗan leƙen asiri ɗakin uwarsa ba, abin da ke sauraren mutane yana kai wa baƙi. Kamal ya kira shi baƙauye, shi kuma ya ɗauki akwatin ya jefa tsakar gida. Tun ranar ba ku gaisa ba. To ku ji hukuncina. Abdulmalik, ka yi gaskiya, maganar gidanmu tana fita, sai dai ba a jifa da kyautar babban wa a gaban mutane. Kamal, ba ka yi laifi ba, ka ba ni shekara biyu na ƴanci, amma ƙanenka ba baƙauye ba ne don ya tambayi ina muryarmu take zuwa. Abdulmalik ya fara kira, shi ne ƙarami. Kamal ya amsa tun ƙarar farko. Ina so a yi haka kafin a ɗauki gawata, in da hali kafin in zama gawar.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Ƙanwarku ce ta tsinci akwatin daga ƙasa. Karatun na'ura da ta yi a Yamai, wanda wasu suka ce ɓata lokaci ne, shi ya yi rana. Ta cire tsohuwar ƙwaƙwalwar, ta sa wata ƙarama da ke aiki a cikin ɗaki, ba reso na intanet, ba kamfani, batir da hasken rana sun ishe ta. Ni na nuna mata inda za ta ɗora dalma, da hannuna a kan nata. Sannan muka shiga koya masa maganarmu, Hausarmu ta Arewanci. Wata shida yana shirme. Wata Talata da hantsi na ce masa, da harshen da uwata ta yi mini magana, «Kunna mini fanka.» Sai iska ta bugi fuskata. Na yi kabbara har mai shayi ya rugo yana tambayar wa ya rasu. Lubabatu, wadda tun zuwansa ba ta taɓa ce masa uffan ba don ba ta jin faransanci, ta matso ta ce, «To kashe ta.» Ya kashe. Ta ce, «Ashe yana da ladabi.»

Tun ranar shago bai huta ba. Masu hatsi na Kore Mairuwa, makiyayan Sukukutane, matan da ke sayar da fura, kowa ya zo ya zauna ya faɗi kalmominsa a ɗauka. Mutane sun fara kawo nasu akwatunan da kamfani ya yashe. Bakwai muka tayar. Bakwai!

Na huɗu. Muryoyin nan amana ce. Idan wani kamfani ya zo nema, kada a ba shi sai an tara masu muryoyin an tambaye su. Abdulmalik, kai na ɗora a kan wannan, don kai ne mai yawan zargi, kuma nan zarginka zai yi amfani. Kamal, kai ne mai sanin hanyar kayan gyara, kada shago ya rasa su.

Na biyar. Afra'u, na san abin da kike shiryawa, kina so akwatin ya riƙa amsawa da muryata. Na hana. Ki yi amfani da maganata ki koya masa ji, amma kada ki sa ni cikin bakinsa. Mahaifiyarki za ta riƙa juyowa duk lokacin da ya yi magana, kuma ba za ta same ni ba. Ku bar ta ta yi takabarta cikin natsuwa. Wanda ya yi kewata ya yi mini addu'a.

Na shida. Duk abin da za ku gina, ku sa masa sukurori, kada ku liƙe shi da gam. Ku bar wa na baya hanyar buɗewa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya sa ku ci abinci a kwano ɗaya ko ba ni. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna, na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Idan an gama zaman makoki na kwana uku, a rana ta huɗu ku buɗe shago ku ukun tare. Akwai wata tsohuwa daga Gesheme da ta yi alkawarin kawo mana sunayen hatsi goma sha biyu waɗanda ba mai faɗarsu yanzu. Idan ta iso, ku ba ta kujerata.