Da Na Shigo Sai Su Yi Tsit

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni akanta ce. Tun da na gama karatu nake aiki a sashen kuɗi na wani kamfanin rarraba magunguna. Bara aka sauya manhajar biyan albashi, aka tura ni in zauna da masu kula da kwamfutoci har aikin ya kammala. A nan abin ya shiga raina. Ranar da aka fara buɗe mini ɗakin manyan na'urorinmu, ga sanyi kamar cikin firji, ga ƙananan fitilu suna ta ƙiftawa, ga wayoyi a jere kamar kitso, sai na ji ina so in san inda kowace waya ta nufa. Da shugaban sashen kwamfutocin ya bar aiki, manaja ya ce in riƙe kujerar na gwaji. Na amsa da murna.

A gida an ɗauka na zama mai gyara. Gwaggona ta aiko mini da wayarta mai fasasshen gilashi, ƙanena kuma ya ce tunda abin ya zama haka in duba masa rimot. Wannan dariya yake ba ni. Abin da ya hana ni sakat shi ne ma'aikatana. Lokacin da nake baƙuwa a cikinsu, hira muke yi sosai. Yanzu da na shigo sai su yi tsit, kowa ya manna ido a allonsa.

Kwanan baya imel ɗin kamfani ya tsaya ana tsakiyar aiki. Na ruga na tsaya a kan babban injiniyanmu, wanda suke kira Dogo, ina ta tambaya: me ya faru, wa ya taɓa shi a ƙarshe, wa ya ba da izini? Wallahi sani kawai nake so in yi. Ya riƙa amsa mini a gajarce kamar yana gaban alƙali. Bayan haka an sake samun wata matsalar, suka gyara abinsu ba su faɗa mini ba, sai a bakin 'yan sashen ciniki na ji. Ashe har suna sun sa mini, wai Madam Wa-ya-taɓa.

Maigidana ya ce raini ne don ban karanta kwamfuta ba, in shiga kwas. Ƙawata ta ce don ni mace ce. Manaja kuma yana jira in faɗa masa kafin ƙarshen wata ko zan zauna, domin za a ba wani tsohuwar kujerata. Ina son aikin nan, amma yaya zan shugabanci mutanen da suke ɓoye mini matsala? Ko in koma inda na fi wayo?

Mai Son Sani

Ƙanwata Mai Son Sani,

Mutane da yawa suna zaton shugaban irin wannan sashe dole ya fi kowa iya gyara. Kwas zai amfane ki, ki shiga. Maganar ƙawarki ma ba zan kore ta ba, akwai wuraren da ake yin haka. Amma ki tuna, mutanen nan sun sake da ke a da, kina macen, kuma ba ki san kwamfutar ba. Abin da ya sauya shi ne kujerarki, da nauyin da ta ƙara wa tambayarki.

A sashen kuɗi an koya miki cewa kowane kuskure yana da mai shi, ga sa hannunsa nan a ƙasa. A can, wannan horo ne mai kyau. A ɗakin na'urori kuwa, matsala takan taru ne daga ƙananan abubuwa: an sabunta manhaja, ma'ajiyar bayanai ta cika ba a lura ba, saƙon gargaɗi yana tafiya wurin wanda ya bar aiki tuntuni. Sau da yawa wanda ya taɓa a ƙarshe gyara ya zo yi. Ki duba ta wajen Dogo: yana kokawa da na'ura, ga shugabarsa, tsohuwar akanta, a kansa tana neman suna. Ke tambayar ɗaliba kike yi, shi ta mai bincike yake ji. Ko ni ce zan kama bakina.

In an sake samun matsala, tambaya ɗaya ta isa: me kuke buƙata daga gare ni? Daga nan ki koma bakin ƙofa ki zame musu garkuwa. Ki amsa kiran manaja da na masu ƙorafi, ki riƙa sanar da kowa halin da ake ciki. Bayan komai ya lafa, ku zauna a ba da labarin yadda abin ya faru daki-daki, ba tare da neman mai laifi ba, a fitar da abin da za a gyara. Wanda ya kawo miki kuskurensa da kansa, ki gode masa a gaban sauran.

Kada kuma ki raina abin da kika zo da shi. Kin san yadda masu riƙe da kasafi suke tunani. Ke ce za ki iya gamsar da su a sauya tsohuwar na'ura tun ba ta mutu ba, kuma injiniyoyi sukan daɗe suna neman mai yi musu wannan.

Ba zan zaɓar miki ba, komawa ma ba faɗuwa ba ce. Amma kada ki ba manaja amsa sai kin gwada wannan: gobe ki samu Dogo lokacin da aiki ya yi sauƙi, ki ja kujera ki zauna, kada ki tsaya. Ki faɗa masa a fili cewa kin gane yadda tambayoyinki suke sauka a kunnensu. Sannan ki tambaye shi wace na'ura ce ya fi jin tsoron ranar da za ta tsaya, ki yi shiru ki saurara. In ya buɗe baki ya zuba, to sashen naki ne.

Allah ya ba ki sa'a, ya zaɓa miki mafi alheri.