Tsohuwar Na'urar Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Sati shida da rasuwar Yaya. Na buɗe shafin asibitinmu a kwamfutar da ya bari, sai ga tsohon shafi, har da harafin da ya manta a "barka da zuwa". Alhali tun kafin ya kwanta ciwo muka koma sabuwar saba, wato na'urar da ke riƙe da shafin. A wayata sabon ke fitowa. Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 5 ga Maris
Ya sake fitowa. Nan take na rufe kwamfutar.

Alhamis, 6 ga Maris
Na gano. Yaya ya taɓa sa wani layi, Alt-Svc, a kan kowace amsar da saba ke turawa. Yana ce wa burauza, manhajar buɗe shafi: nan gaba bi ta waccan na'urar, riƙe wannan har shekara guda. Ita kuma ta adana. Tsohuwar na'urar ce, tana ɗakin baya, a kunne, ƙarƙashin teburinsa, kuma duk wanda ya je mata sai ta sabunta masa kwanakin.
Iyakarta ke nan, ba wani abu ba. Duk da haka na daɗe a ɗakin ina jin ƙarar fankarta.

Asabar, 8 ga Maris
Wata ta kawo mahaifiyarta a keken marasa lafiya. Wayarta ta nuna an ba su ƙarfe goma su ga likita, jerinmu babu sunansu. Wurin Yaya suka yi rajista. Tsohuwar na'ura nake nufi.
Nas ta ce, "Ƙanin marigayi, na huɗu ke nan fa."
Sai la'asar likita ya gan su. Dattijuwar kallona kawai take.

Litinin, 10 ga Maris
Shugabar asibiti ta ce in kashe tsohuwar na'urar. Na ce sai na kwashe sunayen waɗanda suka yi rajista a kanta. Tara ne kacal, aikin minti biyar.

Talata, 11 ga Maris
Na kira su ɗaya bayan ɗaya, na ba da haƙuri. Na goge layin Yaya, na sa wanda ke ce wa burauza ta manta. Sau biyu ina fasawa.

Juma'a, 14 ga Maris
Babu mai zuwa wa tsohuwar na'urar kuma. Na zare wayar wuta da hantsi.
Matar Yaya ta kira, wai ko zan kawo mata tabarau ɗinsa da darduma. Tun wancan watan take tambaya, ina cewa ban gani ba. Na ce, "Gobe, Anti."
Kujerarsa ta fi tawa daɗin zama, shi ya sa kawai na koma kanta.