Karan da Ya Ragu da Yatsa Biyu

Gumel,
3 ga Maris, 1977.

Zuwa ga taubashina Ubale Maƙeri, Maigatari.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan kai da iyali kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Bayan gaisuwa, na san za ka ce sai da buƙata ta taso na tuna da kai. Gaskiya ne, ɗan mace, buƙata ce.

Tun da na bar aikin Reluwe a tashar Gagarawa na dawo gida, na mayar da ɗakin nan na kusa da zaure wurin aiki. Na kafa injin sassaƙar ƙarfe a ciki, irin wanda ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Shekara ashirin da bakwai ina shafa wa injin mutane mai, ina ɗaure masa noti, ban taɓa yin nawa ba. To yanzu ina yin nawa. Ƙarami ne, bai fi buta girma ba, amma da tururi zai yi aiki kamar na jirgin ƙasa. Na gama tukunyar ruwan, na gama silinda, fistin da ke kai da komo a cikinta kuwa sau huɗu ina yi ina jefarwa kafin na sami wanda ya zauna. Sabuwa ta ce mazan mutane in sun yi ritaya shanu suke saye, nata mijin wasan yara ya koma.

Abu ɗaya ya rage, shi ne wili, wato faifan nan mai nauyi da in ya fara juyawa yake jan injin ya ci gaba. Ina so ka zuba mini shi da tagulla, ni in gyara fuskarsa a nan. Na san halinka, in na rubuta inci shida za ka ce inci na Turawa ne, kai da kara aka koya maka awo. Saboda haka na yanko kara daidai faɗin wilin, na ba Haladu direba, tunda duk Alhamis yana kai dabbobi kasuwarku. Kaurinsa kuwa ya zama kamar babban yatsanka.

Kada ka yi mini jinkirin maƙera. Likita ya ce yana ce take rufe mini ido, ya sa mini ranar sha ɗaya ga Afrilu in je Kano a yi aiki. Ya ce wasu suna dawowa da gani, wasu ba sa dawowa da shi. Ina so in ga injin nan yana juyawa da idona kafin in tafi.

Ka gai da mutanen gida. Ka huta lafiya.

Ni ne ubangidanka,
Ilu.

Maigatari,
10 ga Maris, 1977.

Zuwa ga Ilu, Baturen Gagarawa.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, takardarka ta iso da karanka. Ubangidana ka ce? Wanda ya zo roƙo shi ne bara, ka tambayi kowa.

Ga wilinka nan a hannun Haladu. Na gina shi da kakin zuma daidai tsawon karan, na lulluɓe da yumɓu, na gasa har kakin ya tsiyaye, sannan na zuba. Duk tagullar da na samo wajen mutanen Damagaram ta tafi a ciki. Ka ƙwanƙwasa shi ka ji ƙara, ko ƙofar allura babu a jikinsa.

Maganar ido, Allah ya sawwaƙe. Ai tun muna yara ba ka gani sosai, in ba haka ba da ba ka bar maƙera ka tafi bin jirgi ba. Da zan zo dubiya, amma ka san tun ranar da mota ta zubar da mu a hanyar Sule Tankarkar ban sake hawa ba, kuma ba ni da niyya.

Wassalam. Naka,
Ubale.

Gumel,
17 ga Maris, 1977.

Ubale,

Gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka, wili ya iso, kuma zubi ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Amma me ka aiko mini? Na ce inci shida, na ɗora rula na ga huɗu da rabi. Na ce bari dai in gwada. Kwana uku ina taka injin sassaƙa har gwiwata ta kumbura, na huda shi, na ɗaura, na hura gawayi. Maƙwabta suka cika zaure, har da Liman. Ruwa ya tafasa, injin ya yi atishawa sau biyu, wili ya yi rabin juyi ya tsaya yana kallonmu. Liman ya ce, "Malam Ilu, ko shayi za a dafa mana da shi?" Har yanzu in na fita masallaci ana tambayata shayi.

Wili ya yi ƙanƙanta, ba shi da nauyin da zai ja. Ko dai tsufa ya kama ka, ko ka yi awon kana gyangyaɗi. Ka gaya mini wanne ne.

Ni ne,
Ilu.

Maigatari,
17 ga Maris, 1977.

Ilu,

Na amsa gaisuwarka. Ban bar Haladu ya juya ba sai da na rubuta wannan. Shekara arba'in ina zubi, mundaye da likkafa da ƙararrawa, ba a taɓa dawo mini da aiki an ce awo ya kuskure ba. Ga karanka nan na mayar maka. Ɗora shi a kan wilin. In ya wuce ko ya gaza da ƙwayar gero ɗaya, in rufe maƙerata in koma sayar da goro. Abin da ka aiko shi na zuba.

Ubale.

Gumel,
24 ga Maris, 1977.

Zuwa ga Yaya Ubale.

Gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya, da su Yaya Kande da yara. Ni ce Sabuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, kuma Malam bai san na rubuto ba.

Da karan ya dawo ya ɗora shi a kan wilin, suka zo daidai. Ya ɗora a kan rula, huɗu da rabi. Ya ajiye rular a gefe. Can ya ce da ni, "Ashe ba laifin Ubale ba ne, idona ne. Ido da ba ya raba shida da huɗu da rabi ba shi da sauran aiki a ɗakin nan." Ya ɗauko tsohon zanena ya rufe injin sassaƙar, ya ja ƙofa. Kwana shida ke nan bai shiga ba. Abinci ma sai na tsaya a kansa.

Yaya, ni ce mai yi masa tsiya a kan injin nan, amma wallahi na fi son ƙarar ƙarfen da wannan shirun. Idon ya yi nisa fiye da yadda ya gaya maka, da laluben yatsa yake yawancin aikin. Tsoron Kano yake ji, injin nan ne yake ɗauke masa hankali.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ranar da ya yanka karan ni na riƙe masa rula, kuma shida na gani. Da ƙaramin zartonsa ya yanke kai da gindi, sau uku yana sake awo. Na gaya masa, ya ce lallashinsa nake yi. Ga karan da wilin na naɗe a tsumma na ba Haladu, na gaji da ganinsa yana juya su a hannu. Kai ka san abin da za ka yi.

Ka gai da Yaya Kande, ka ce ina nan tafe bikin 'yarku Rabi. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Sabuwa.

Maigatari,
31 ga Maris, 1977.

Zuwa ga taubashina Ilu.

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka tashi lafiya. Bayan haka, ka je ka yaye zanen matarka daga kan injin nan, kuma ka gode Allah da ya ba ka mace mai rubutu.

Ta ce da zarto ka yanke karan, kai da gindi. Na fita da shi rana na duba. Gefe ɗaya yankan zarto ne, ga gurzar haƙoransa. Ɗaya gefen kuwa yankan wuƙa ne, a karkace, har da ɗan tsagu. Na kira Haladu, na zaunar da shi kusa da zugazugi inda ya fi zafi, na ce, "Haladu, karan nan a ina ka sa shi ranar farko?" Ya ce a aljihun gaba. Na ce, "Daga nan fa?" Ya fara kallon rufin maƙera. Na ci gaba da zuga wuta har gumi ya jiƙa masa hula.

Ashe a hanya ya tsaya ɗaukar wani rago, ya sunkuya zai ɗaure shi, ragon ya zare karan daga aljihunsa. Kafin ya ƙwace ya tauna kan. Shi kuma gwanin gyara sai ya zaro wuƙa ya datse inda aka tauna, don kada a ce ya kawo saƙo da yawun rago. Ya ce da ni, "Baba, ai ɗan kaɗan na cire, bai fi yatsa biyu ba. Na ɗauka kara duk kara ne." Na tambaye shi ina ragon, ya ce tun ranar aka yi Kudu da shi. Allah ya taimake shi.

Saboda haka idonka shida ya gani, shida ka yanka. Ka ji ko? Ba ka yi kuskure ba, ni ma ban yi ba.

Na karɓi rula wajen tela, ya nuna mini shidan naku, na yanki sabon kara da hannuna. Na narka wilin farko, amma tagullar ba ta kai ba, kuma mutanen Damagaram ba su zo ba. Sai na buɗe akwati na ɗauko munduwar Inna, Goggonka, wadda na ajiye shekara tara. Ita ma ba ta isa ba. Na aika Sule Tankarkar wajen ƙanwata Larai, don 'yar'uwar munduwar tana hannunta. Ta aiko da ita a ranar, ta ce in dai don Ilu ne, Inna da kanta za ta cire ta bayar. Ka tuna yadda take ɓoye maka ƙuli-ƙuli ni ɗanta ina kallo. Na yi hawaye wajen zubin, amma na ce wa mutane hayaƙi ne.

Na sa Haladu ya rantse cewa a cinyarsa zai riƙe sabon wilin har Gumel, kuma da bakinsa zai ba ka labarin ragon. Kada ka yi masa faɗa da yawa, na riga na gasa shi.

Saura kwana goma sha ɗaya. Tashi ka taka.

Naka har kullum,
Ubale.

Gumel,
7 ga Afrilu, 1977.

Ubale ɗan Goggo,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, su nake iya gani.

Jiya da hantsi injin ya tashi. Na fito da shi tsakar gida inda rana take, Sabuwa ta hura gawayi, na ɗan tura wilin da yatsa, sai ya ƙwace daga hannuna. Ya yi ta gudu har ruwan ya ƙare. Liman ya cire hularsa ya mayar, bai sake maganar shayi ba. Haladu ya yi ta rawa kamar shi ya ƙera.

Na gan shi, Ubale. Sauran injin dishi-dishi nake gani, amma wilin yana ɗaukar rana, ina ganin walƙiyarsa sarai, kamar lokacin da Goggo take tuƙa tuwo mundayen suna kaɗawa a hannunta.

Litinin za mu tafi Kano, kuma tsoron ya ragu. Na rufe injin, ba zan sake hura shi ba sai ka zo, ko a kan jaki ne. In na dawo da ido, mu kalla tare. In ban dawo da shi ba, ni in hura wuta, kai ka zauna kusa da ni ka riƙa gaya mini yadda yake juyawa.

Baranka,
Ilu.