Tantin da Na Saya wa Yaya

Litinin, 6 ga Mayu

Yau ma a tsakar gida na tarar da Yaya, kan tabarma, bargo har wuya, yana tari. Tun da rijiyar nan ta rufta da shi bara bai sake kwana a ƙarƙashin rufi ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haƙa ramin da ni ko leƙawa ba na iya yi, yau ɗakinsa ya gagare shi shiga.

Matarsa ta ja ni gefe. Wai likita ya ce idan damina ta sauka yana waje, ƙirjin nan ba zai ɗauka ba, gara a kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa. Can kuwa ƙofofi a kulle suke, dare da rana. Ta ce ita bakinta ba zai iya faɗa ba, ni ne ƙaninsa, abin da na yanke shi za a yi. Na ce a ba ni zuwa ƙarshen wata.

A raina na riga na ce a kai shi. Na gaji, wallahi na gaji.

Laraba, 8 ga Mayu

Mai ɗakina ce ta kawo shawarar tanti. Ta ce bangon yadi ba bangon bulo ba ne, in kai shi tafkin da muke kamun kifi muna yara, idan ya iya kwana a tanti wataƙila ɗaki ma ya yiwu. Na ce ke dai ba kya rasa dabara, tun da ba bayanki ne zai ɗauki kayan ba. Amma na yarda. Ko ba komai ba za a ce ban gwada ba.

Babur zai kai mu ƙarshen hanya, sauran tafiyar ƙafa ce, Yaya kuma bayansa ba ya ɗaukar ko jarka. Kenan tantin ya zama mara nauyi. Ya zama mai faɗi saboda shi. Ya zama mai araha saboda ni, don garejina na kanikanci shiru yake kwanakin nan.

Asabar, 11 ga Mayu

Na je shagon kayan zango. Mai shagon wani gajere ne mai surutu, kafin in gama sallama ya baje mini tanti huɗu a ƙasa. Na faɗa masa abin da nake nema, ya yi dariya har da dafa ƙugu. "Maigida, mai faɗi, mara nauyi, kuma mai araha? In ka samu ka kawo mini in saya."

Ashe in an rubuta na mutum biyu, ana nufin mutum biyu kwance kafaɗa da kafaɗa kamar kifin gwangwani. Na shiga ɗaya na kwanta, rufin na neman taɓa hancina. Ni da lafiyata sai da na ji numfashina ya sauya. Masu araha sandunansu na ƙarfe ne, nauyi kamar injin babur. Masu sauƙin ɗauka kuwa da ya faɗi kuɗinsu sai na tambaye shi ko har da filin ake sayarwa.

Lahadi, 12 ga Mayu

Hadari ya haɗu da la'asar, bai zuba ba. Tarin ya ƙaru.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na kai Yaya shagon ya gwada da kansa. Da ban kai shi ba.

Na shige cikin mafi girman tantunan da aka kafa a gaban shagon na zauna, na ce, "Yaya, ka ga? Ba komai. Shigo." Ya durƙusa a bakin ƙofar, ya leƙa, gumi ya keto masa. Ya dube ni a ciki, ya waiwaya bayansa kamar yana neman wani. Sai ya miƙe ya bar wurin, takalminsa ma ƙafa ɗaya ya bari.

A titi na cim masa. Na yi masa faɗa a gaban mutane. Na ce yadi ne fa, yadi! Ko ya faɗo maka me zai yi? Ya karɓi takalmin ya sa, ya ce, "Yi haƙuri, ƙanina." Gara a ce zagina ya yi.

Asabar, 18 ga Mayu

Na samu tanti a wajen masu gwanjo. Na mutum uku ne a rubuce, wato na biyu ke nan a gaskiya. Ƙofa biyu, ɗaya kowane gefe, samansa raga ce ana ganin sararin sama idan ba a ɗora marufin ruwan ba. Sandunan alminiyam. Na roƙi mai kayan miya ya ɗora mini a sikelinsa, bai kai kilo uku ba. Akwai yagewa a gefe, tela ya yi mini faci, zif ɗin kuma na goga masa kyandir ya saki.

Na kafa shi a gareji na zauna a ciki, kaina bai taɓa sama ba. Idan wannan ma ya ƙi, to ni na fita haƙƙinsa.

Talata, 21 ga Mayu

Na ce masa Juma'a za mu tafki. Sai ya ce, "Har yanzu ba ka iya sa tsutsa a ƙugiya ba?" Matarsa ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Rabon da ya tsokane ni har na manta.

Juma'a, 24 ga Mayu

Mun iso. Kafaɗata ta gaya mini kilo ukun nan ƙarya ne. Shi ya buga turakun, kowanne sai da ya taka ƙasar wurin ya murza ta a hannu kafin ya buga. Hannunsa bai manta aiki ba.

Na buɗe ƙofofin duka biyu, na shiga, na kwanta, na kira shi. Ya shimfiɗa bargonsa a gindin bishiya.

Asabar, 25 ga Mayu

Dole sai na rubuta wannan.

Da rana hadari ya taso daga ƙetaren ruwa, baƙi ƙirin. Na ɗora marufin, na jefa kayanmu ciki, na shige. Ruwa ya kece. Yaya na tsaye a waje, rigarsa ta manne da haƙarƙarinsa, yana tari har yana dafa gwiwa. Na yi kira, na yi roƙo, na yi rantsuwa. Na ce, "Ka san inda za su kai ka? Can ba a buɗe ƙofa!" Ya ce ya sani.

Na fito a fusace, niyyata in ɗauke shi cak in cusa shi ciki ko yana so ko ba ya so. Ina fitowa iska ta tumɓuke turke ɗaya, gefen tantin ya ɗaga. Na cafke igiyar, na naɗe ta a hannu, na dage da ƙafa. Da na ɗago sai na ga ya daina tari yana kallon hannuna.

"Kana riƙe?"

Na ce ina riƙe mana, ba ka gani?

"Ba za ka saki ba?"

Na ce in na saki ai tantin ya tafi tafki.

Sai ya durƙusa ya shiga. Haka kawai. Na tsaya baki buɗe ruwa na shiga.

Daga ciki ya yi maganar, a hankali, sai da na kara kunnena da yadin. Ya ce tun da ya fara haƙa bai taɓa shiga rami ba sai da mutum a sama riƙe da igiya, haka aikin yake, ko ramin bai wuce tsayin mutum ba. Ranar da ƙasa ta rufta, leburan da ke sama ya ruga neman taimako. Yaya ya ja igiya, igiyar ta zubo masa a ka gaba ɗayanta. Ya ce ba duhun ne ya tsaya masa a rai ba, wannan igiyar ce. "Kai kuma kullum sai ka riga ni shiga, ka ce in shigo. In duk muna ciki, wa ke waje?"

Shekara guda muna jansa zuwa ɗaki, ni da matarsa, kowa na cewa ga ni nan kusa da kai a ciki.

Can ya ja yadin kaɗan daga ciki, na ja igiyar ya ji. Ya sake, na sake. Daga nan shiru, sai minshari. Na zauna a cikin laka har ruwan ya ɗauke. Na yi kuka, ba wanda ya gani.

Na zaga kasuwa ina neman tantin da zai ɗauki mutum biyu, ga shi mutum ɗaya ne a ciki.

Lahadi, 26 ga Mayu

Mun dawo. Mura ta kama ni, shi kuma garau, har da yi mini sannu.

Alhamis, 30 ga Mayu

Matarsa ta tambaye ni maganar asibiti, gobe wata zai ƙare. Na ce a ɗaga tukuna. Ba wai na sauya ra'ayi ba ne, kawai dai ban ga abin gaggawa ba.

Na ɗaura igiyar shanya a ƙafar gadonsa, na fito da ita ta ƙofa. Ran Talata ya yi barcin rana a ciki. Jiya ya shiga tun magariba, na riƙe har ya yi barci, na miƙa wa matarsa. Ta ce yau ma ita za ta riƙe, in je in huta, in kula da garejina. Na ce ba ta iya ba tukuna, akwai yadda ake ja.

Na rufe gareji da wuri na kwaso kaburetoci biyu ina wankewa a bakin ƙofarsa, aikin ai ko'ina ana yinsa. Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Ya daɗe da yin barci, ina jin minsharinsa, ba zai ma sani ba in na ajiye igiyar na tafi. Mai ɗakina ta kira, na ce ina zuwa.

Da hannu ɗaya nake wannan rubutun.