Makullin Motarka Yana Bakin Zanena

Cindo, angona,

Kada ka tayar da gida neman makullin mota. Yana ƙulle a bakin zanena, na fita da shi.

Jiya da ka dawo daga Wara na ga hayaƙin da salansa ke fitarwa, shuɗi-shuɗi, yana warin ƙonannen mai, ga motar tana wani irin fito. Ka ce mini ba komai. To, na shiga barkar haihuwa gidan Gideon bakanike. Muna cikin gulmar matar mai unguwa ni da matarsa Marta sai ga shi, ka san bakina, na kwashe duka na faɗa mishi. Wallahi sai da ya ajiye lomar tuwo. Ya ce ya fi zargin turbo, abin nan mai hura wa inji iska, shi ke zubo baƙin mai ciki. Wai in abin ya yi tsanani a motar gas irin taka, injin sai ya koma shan wannan man yana ihu, ko ka zare makulli ba ya mutuwa har ya fashe.

Cindo, ka tuna fa! Yau za ka kwashi mata da albasarsu zuwa kasuwar Yauri, ga Suwaibarka da tsohon ciki a gidan gaba!

Kada ka yarda wani ya haɗa maka waya ya tayar da ita. Na tafi in taso Gideon gaba ya zo ya duba.

In na dawo ka yi ta faɗa, ni dai in ji muryarka.

Uwargidanka,
Kaka Ige