Duwatsun Rijiyar Kawu Tijjani

Yekuwa, Litinin

Zuwa ga matata Nasiba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Hassana. Yaya tarin nata?

Na iso lafiya, kuma labarin gaskiya ne. Sabuwar rijiyar Kawu Tijjani ta fito da duwatsu, shuɗi manne da kore. Wani direba ya ce musu fosfat ne, irin takin da ake haƙowa a garin Tawa, shi ke nan gari ya ɗauka. Mata sun bar dakan hatsi sun koma dakan dutse, wai za a watsa a gonakin gyaɗa. Ni da ake yi wa dariya da karatun tsakuwa, yau har kaza aka yanka mini.

Na karce shuɗin da wuƙa, na goga shi a tsingaro, ya yi kama da fosfat. Amma da na ɗora koren a garwashi, sai warin tafarnuwa ya tashi. Na san wannan warin, alamar guba ce. Ban gaya wa kowa ba, na aika da duwatsun labo, ɗakin gwaji a Yamai.

Naki,
Mas'udu

Yekuwa, Juma'a

Nasiba,

Ina gaishe ki, Allah ya sa kuna ƙalau.

Sakamako ya zo. Shuɗin fosfat ne, koren kuwa arsenat, mai guba, kuma gubar ta shiga ruwan. Malamina ya kira ni yana ta murna, ya ce bai taɓa ganin waɗannan biyun a dutse ɗaya ba tun da ya fara aiki. Ni ban sami wanda zan yi murnar da shi ba.

Na gaya wa Kawu a rufe rijiyar, a ƙone turamen. Shanunsa biyu ya sayar kafin ya haƙa ta. Yanzu in na doso majalisa sai hira ta mutu. Ana cewa baƙin ciki nake yi, ko kuma na sayar wa Turawa da dutsen. Wallahi kaɗaici ya ishe ni a garin da aka yanke cibiyata.

Jiya na koma na roƙe shi. Matarsa Inna Tani ta kawo mini ruwan baƙo a ƙwarya, na rijiyar. Na riƙe, na kasa kai wa baki. Kawu ya karɓa daga hannuna, ya shanye yana kallona, ya miƙa a ƙaro wa jikokinsa.

Ba zan dawo gobe ba. Ki taya ni da addu'a.

Mijinki,
Mas'udu